Damagaram, da Dalilin da Akushina Ya Daina Fitowa Zaure

Tun da muka dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A masallaci a tambaye ni, a gona a tambaye ni. Ranar kasuwa ma a Tofa wani da ban san sunansa ba ya riƙe mini keke yana cewa, "Malam Audu, wai da gaske ne matar ba ta ba ku ko ƙwayar magani ɗaya ba?" Abokan zamana kuwa, Malam Iro da Ɗanlami mai faci, damuwarsu daban ce. Su dai a faɗa musu me ya sa akushina ya daina fitowa zaure. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya ɗauki nasa ya je ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi da ɗan bokon da na samu a ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya ga kuskure ya yi mini afuwa.

Saboda Bilki muka yi tafiyar. Jikata ce, 'yar ɗana Sani mai rasuwa, ni da matata Hansai muka riƙe ta tun tana rarrafe. Kowa ya san wasan kaka da jika. Ita ce amaryata, ni ne tsohon angon da ba ya ba da kuɗin cefane. Tana ƙarama yarinya ce mai jiki, mai son tuwo, sai na laƙa mata suna Rumbu. In ta wuce da kwano sai in ce, "Na sake ki, Rumbu, ba zan iya ciyar da ke ba." Ita kuma ta ce, "Tsoho mai rowa, da ma wa ke son ka?" Gida ya ɗauki dariya.

Sai shekarun nan suka zo. Mai ya tashi, taki ya gagara, ɗan fegin da nake haya a Watari don noman rani na sake shi. Hansai ta rage awo, tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Ni kuwa bakina bai rage komai ba, wasan nan ina nan ina yin sa. Lokacin Bilki tana karatun malanta a Bici. Da ta zo hutu aka ga tana tura wa yaran gida rabonta, ni kuma na riƙa yaba mata a gaban kowa: "Ku dubi amaryata, loma biyu ta ƙoshi." Daga baya aka yi kaka mai kyau, hatsi ya dawo gida, amma cin Bilki bai dawo ba. Ta kama azumin Litinin da Alhamis, ta ƙara da wasu ranakun, muna ta sa mata albarka. Ni a zaure nake cin nawa da maza, abin da ake ci da wanda ake bari a cikin gida ban san shi ba. Sai ranar da ta faɗi a bakin rijiya da guga a hannu.

Mun sha rubutu, an yi ruƙiyya, an yi hayaƙi. Na yi lallashi, na yi tsawa. A wani asibiti a birni aka yi mata ƙarin ruwa, likita ya ce jikinta abinci yake nema, a ba ta. Wannan mun sani. Yadda za a yi ta ci ne ba mu sani ba. Karatu ya tsaya, Hansai kuma ta fara yi mini maganar da ba na son ji, wai mu shirya wa abin da Allah zai yi.

Ƙanwata Asabe da ke aure a Damagaram ita ta kira ni a waya. Ta ce, "Yaya, kawo ta. Akwai wata mata a asibitin unguwarmu, ilimin abinci ta karanta, likitar abinci muke ce mata. 'Yar maƙwabciyata haka ta yi, yanzu ga ta nan da goyo." Na ce abinci kuma har karanta shi ake yi? Ta ce in zo dai in gani. An riga an sake buɗe iyaka, sai na sayar da tunkiya. Hansai gwiwa ta hana ta, don haka mu biyu muka kama hanya.

Babur ya kai mu bakin titi, muka sami motar Daura. Direba ya cusa mu a baya kamar buhunan albasa. Da kwandasta ya ga Bilki sai ya washe baki ya ce, "Baba, wannan ai rabin kuɗi za ta biya, ko wuri ba ta ci ba." Mutane suka yi dariya. Wallahi ni ma bakina ya fara buɗewa. Sai na waiwaya na ga ta jawo mayafi ta rufe wuyan hannunta. Na ce masa, "Yaro, karɓi kuɗinka cikakke ka yi mana shiru." Ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Baba, wasa ne."

Kusa da mu akwai wata Hajiya mai fataucin atamfa, wadda ta san hanyar kamar tsakar gidanta. A Kazaure 'yan talla suka rufe motar, ta sayi dafaffen ƙwai ta danƙa wa Bilki. "Ci mana, 'yata. Miji ba ya son ƙashi." Bilki ta yi godiya, ta riƙe ƙwan nan a tafin hannu. Gaba kaɗan taya ta fashe, aka sauke mu a gindin wata tsamiya, aka tarar tayar ajiyar ma babu iska. Direba ya hau babur ya tafi neman mai faci, muka zauna muna korar ƙuda. Hajiyar ta ba mu labarin duk direbobin da suka taɓa yi mata haka, da sunayen garuruwansu. Har muka shiga Daura ƙwan yana hannun Bilki, ɓawonsa ya farfashe don matsa.

Daga Daura wata motar ta kai mu iyaka. Na gefenmu ba su tsayar da mu da yawa ba. Da muka tsallaka sai ga jandarma, wani dogo mai gashin baki kamar ƙahon rago, ya ce kowa ya fito da katin shaida. Ya duba nawa ya miƙo mini. Ya duba na Bilki, ya dube ta, ya sake duba katin.

"Wannan ba ita ba ce," in ji shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ita ce. Jikata ce."

"Tsoho, ina da ido. Katin yayarta kuka ɗauko."

Na rantse, na sake rantsewa. Ya juyo mini da katin ya ce in duba da kaina. Na duba. Yarinya ce mai kumatu, tana danne dariya, hoton da aka ɗauka lokacin da za ta shiga makaranta. Na ɗago na dubi wadda ke tsaye a gabana. Kullum ina ganin ta, amma ban taɓa ajiye fuskokin nan biyu wuri ɗaya ba. Hajiya mai atamfa ce ta shigo maganar, ta ce, "Haba ɗana, ba ka ga marar lafiya ba ce? Asibiti za a kai ta. Dubi tabon da ke girarta, ga shi nan a hoton." Ya duba, sannan ya miƙa wa Bilki katin da hannu biyu. Ya ce, "Allah ya ba ki lafiya, ƙanwata. Ku wuce, Baba."

A nan na canza kuɗi. Na ba mai canji damin naira, ya ba ni 'yan takardun sefa da ko aljihu ba su tayar ba. A Matamaye muka tsaya na ga burodinsu, dogo siriri kamar sandar makiyayi, a tsaye cikin kwando. Na taɓa na ji tauri, na ce wa mai shayi ya ba ni na yau. Ya ce yanzu aka sauke shi daga gasa. Na gutsura, sauran haƙoran da nake taƙama da su suka ba ni labari. Sai da na ga yadda mutanen wurin ke tsoma shi a shayi sannan muka shirya da shi.

Da la'asar muka shiga Damagaram. Gari ne na manyan duwatsu, wasu a tsakiyar unguwa, gidaje sun kewaye su. Acaɓa kabu-kabu suke ce masa. Hausarsu tamu ce, sai dai suna yi suna jefa Faransanci, kamar yadda yaranmu ke jefa Turanci. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ruwa. Na ɗauki buta na yi alwala yadda na saba, sai na ji Asabe daga bayana: "Yaya, nan fa ba bakin Watari ba ne. Butar nan ta mutum uku ce."

Mijinta, Alhaji Mamman, ya sauke ni a ɗakin zaure, ya haɗa mini shayinsu mai ɗaci a 'yan kofunan da ba su fi babban yatsa ba. Cikin gida kuwa Asabe ta yi abin da kowace 'yar'uwa za ta yi. Ta yanka kaji, ta dafa shinkafa, ta dama fura, ga alkaki, ga kilishi. Ta tara a faranti ɗaya kamar na 'yan biki ta ajiye gaban Bilki, matan gida da na maƙwabta suka kewaye ta. Ina zaure ina jin su: "Ci mana. Don Allah ko cinya ɗaya. Kunyar wa kike ji?" Can sai na ji gudu, na ji an rufe ƙofa. Asabe ta fito tana huci, ta ce, "Ni za a yi wa haka a gidana? Kajin da nake tattali!" Na ba ta haƙuri, alhali ni ma a raina haushin yarinyar nake ji.

Washegari muka yi wanka a tsanake muka tafi asibiti bayan azahar, aka ce ai da safe ake ganin mutane, mu dawo gobe. Muka dawo goben. Likita ya fara duba ta, ya saurari zuciya, aka ɗebi jini. Da Asabe ta ba shi labarin kajinta sai ya ce Allah ne ya kiyaye da ba ta ci ba, don cikin da ya daɗe babu komai in aka cika shi lokaci ɗaya yana iya kashe mutum. Asabe ta dafe ƙirji, daga nan ban sake jin zancen kaji ba.

Sannan aka kai mu wurin likitar abincin, Madam Ramatu. Gajeriyar mata ce mai tabarau, ba ta kai shekarun Sani ba da yana raye. Ta ɗora Bilki a ma'auni amma ta sa ta juya baya, ita kaɗai ta ga abin da ya nuna. Ta ce in jira a benci, suka daɗe a ciki su biyu. Da ta kira ni ta gaishe ni har ƙasa, sannan ta ce, "Baba, abu na farko, wannan ciwo ne. Ba taurin kai ba ne, ba iska ba ce. Tsoro ne ya shiga tsakaninta da abinci, kuma ana warkewa."



Na ce, "To Madam, wane magani za mu saya?"

Ta ce, "Me kake nomawa?"

Na ce gero da dawa da wake da gyaɗa, ga zogale a bayan gida.

"To ka riga ka noma maganin. Sai ɗan nono da ƙwai in an samu."

Ta ɗauko wani ɗan faranti ta nuna mana yadda za a fara, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini, a kan lokaci, ana ƙarawa sannu a hankali yadda ita da likita suka ga jiki ya karɓa. Ta ce babu abinci mai laifi. Azumin nafila kuma a ajiye shi, in ina shakka in tambayi malaminmu hukuncin marar lafiya. Akwai kuma wata abokiyar aikinta da za ta riƙa zama da Bilki suna maganar abin da ke damun zuciya, don ita kaɗai ba za ta iya ba. Duk wannan na ce to.

Sai ta ce, "Wa ke zama da ita in tana ci?"

Na ce ai mata a cikin gida suke ci.

"Kai fa?"

"Ni a zaure, da maza."

Ta ce ana so mutum ɗaya ya riƙa zama da ita, ya ci irin abin da take ci. Ba zai kalli hannunta ba. Ba zai ce ci mana ba. In ta cinye ba zai yaba ba, in ta bari ba zai yi faɗa ba, kuma ba a maganar jikin kowa, ƙiba ko rama. Na ce wannan mai sauƙi ne, ga Asabe, in mun koma ga Hansai.

Ta ce, "Na tambaye ta wa take so. Kai ta ce."

Na ce, "Ni? Madam, tun da aka yi mini kaciya ban ci abinci a tsakar gida ba. A garinmu sai a ce Malam Audu ya rikice."

Bilki tana zaune kanta a ƙasa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kaka, in na kai loma baki muryarka nake ji. Kana cewa Rumbu."

Na ce, "Amarya, ai wasa ne."

"Na sani."

Madam Ramatu ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce abin ba daga wuri ɗaya yake zuwa ba, yunwar da aka yi tana ciki, halin yarinyar na son ta sauƙaƙa wa kowa yana ciki. "Amma tun da muryarka take ji, Baba, bari ta ji ta tana faɗin wani abu daban."

Ranar aka shimfiɗa mana tabarma a rumfar tsakar gidan Asabe. Ta kori mata da yara, ita ma ta shige ɗaki, ko da yake ina ganin labule yana motsi. Alhaji Mamman ya shigo ɗaukar wani abu, ya gan ni zaune gaban ɗan kofin kunun gyaɗa, ya yi tari ya juya. Ban san inda zan ajiye idona ba. Na kalli akuya, na kalli igiyar shanya. Kuma na yi kuskure tun a ranar farko. Mu a zaure mai jinkiri shi ke tashi da yunwa, don haka kafin Bilki ta kai kofi baki na shanye nawa, na zauna hannu wofi, ita kuma ta kasa. Da muka faɗa wa Madam ta yi dariya har da cire tabarau, ta ce, "Baba, kai ma ashe sai an koya maka ci."

Haka na koyi kurɓa kamar mai jin zafi. Don kada shiru ya yi yawa na riƙa ba ta labari: gashin bakin jandarma, tayar Kazaure, jakin da ya taɓa kayar da ni a gaban gidan su Hansai lokacin ina zuwa zance. Wata rana ta shanye. Wata rana ta yi kuka a kan rabin ƙwai har ya huce, ni kuma ina zaune ina cizon harshe, don "ci mana" ta zo mini har maƙogwaro. Akwai ranar da na ga ta zuba wa akuya nata. Na je wa Madam da zafi, ta ce haka ciwon yake, gaba da baya, mu zauna gobe kamar ba a yi ba. Muka zauna.

Mun yi makonni a can, har na iya alwala da rabin buta. Da likita ya ce zuciya ta daidaita, Madam ta haɗa mu da wata mai irin aikinta a Kano da za mu riƙa zuwa wurinta, ta sallame mu. Asabe ta cika mana jaka da alkaki, ta ce, "Na Hansai ne, ban ce kowa ya ci ba." A iyaka wani jandarman muka tarar, ko kallon katin bai yi sosai ba. Da muka iso Kazaure 'yan talla suka rufe mota, sai na ji Bilki tana cewa, "Mai awara, zo." Ta saya, ta miƙo mini ɗaya, ta ɗauki ɗaya. Na juya ina kallon titi ta taga, ina tauna a hankali, ina roƙon Allah kada hawayen nan su zubo a gaban mutane.

Ba zan ce ta warke ba. Har yanzu akwai ranakun da tabarma ke yi mana tsawo. Amma tana ɗebo ruwa da kanta, kumatu sun fara dawowa, ko da yake an hana ni faɗa, kuma an ce in ta ci gaba haka za ta koma Bici. Hansai ta daina maganar nan tata. Yanzu aikinta tsokanata, wai ta yi shekaru tana dafa mini ba ta taɓa ganin yadda nake tauna ba sai da jika ta kira ni.

To Malam Iro, Ɗanlami, kun ji inda akushina yake. Ku yi haƙuri da miyar Hansai, ba ranar fitowarsa tukuna. Wanda zai ce na rikice ya faɗa.

Jiya da rana ɗanwake aka yi. Muna ci ina ba ta labarin wani rikicin iyakar gona, sai na ga hannu ya tsallako gefena ya ɗauke na ƙarshe, wanda ya fi shan mai da yaji. Tsohon wasan nan ya taso mini har kan harshe. Na haɗiye shi. Ta gani, ta tsaya tana kallona da ɗanwaken a hannu.

"Faɗi mana, Tsoho."

Na ce, "Amarya, sakin nan duk da na yi miki, na janye."

Ta jefa ɗanwaken a baki, ta tauna, ta haɗiye. Sannan ta ce, "Wa ya ce maka zan dawo? Inna Hansai, akwai saura a tukunya?"